Jar fitila ba ta warkar da kansa

Makon jiya aka kawo mana wani saurayi zabiya daga wani ƙauyen Belbeji, nan asibiti a Tanut. Gyambo ne a bayan kunne, ya ci har guringuntsi, kaluluwar wuya ta kumbura ta yi tauri. Da na kwance tsumman da aka naɗe masa, wari ya cika ɗakin, gefen ciwon kuwa ya ƙone baƙi ƙirin.

Na ce da mahaifinsa, "Baba, wa ya ƙona shi haka?" Ya ce wani mai magani ne da ke bin kasuwannin Damargu da jar fitila. Yana shafa wani ruwa, ya haska fitilar a kai, ya nuna musu bidiyo a waya wai haka Turawa ke kashe kansa yanzu. Awaki suka sayar suka biya shi. Tun kafin damina ciwon nan yake ɗan ƙurji, lokacin da wuƙar likita kaɗai za ta gama da shi.

Abin da ya fi ɓata mini rai, ɓarawon nan gaskiya ya sata ya yi ƙarya da ita. Maganin kansa da haske akwai shi. Kanada ta amince da wani irinsa mai suna Photofrin tun 1993. Amma sai an ba da maganin da ke taruwa a cikin ƙarin, a haska shi da hasken da aka auna, kuma hasken ba ya wuce kamar santimita 1 cikin nama. Akwai kuma wasu ƙananan ƙwayoyin peptaid da ake ta yayatawa a Facebook, masu ɗaukar magani su kai shi cikin ƙari, amma akasarinsu kan ɓeraye ake gwada su har yau. Ba su iso Yamai ba, balle jakar ɗan kasuwa.

Mun tura yaron babban asibitin Damagaram don a yi biyopsi, wato a yanki ɗan nama a auna, daga can sai cibiyar kansa ta Yamai, inda aka fara gashin kansa a 2021. Allah Ya ba shi lafiya.

Zabiya, malafa da riga mai dogon hannu, kullum, saboda rana. Ƙurjin da ya wuce wata bai warke ba, a kawo shi. Kada a shafa toka, kada a yi sakiya. Mai fitila ya zo, ku kore shi. Na sake faɗa, ku kore shi, ko da takarda ya nuna muku.