Gargaɗi Kan Ƙafar Mai Ciwon Sukari

Ka sani, ya kai mai karatu, daga cikin illolin ciwon sukari masu shigowa a ɓoye akwai lalacewar jijiyoyi, domin sukarin da ya daɗe yana yawa cikin jini yakan raunana ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da jijiyoyin ji, har su gaza kai labari ga ƙwaƙwalwa. Kuma da yake jijiyoyin ƙafa su ne mafiya tsawo a jikin ɗan Adam, ta yatsun ƙafa lalurar take somawa, sannan ta hauro sannu a hankali. Likitoci sun ƙiyasta kusan rabin masu wannan cuta sukan gamu da ita idan shekaru suka yi nisa.

Sau da yawa farkonta raɗaɗi ne da dare, kamar an shafa barkono a tafin ƙafa. Bayan wani zamani sai raɗaɗin ya lafa, majinyaci ya ɗauka sauƙi ya samu, alhali kuwa ƙafar ce ta daina ji, kuma a nan babban haɗarin yake.

Dubi ma'aikaci mai wannan lalura a Kano da ke tashi daga Panshekara ko Kumbotso zuwa masana'antar jimar fata a Challawa ko ta roba a Sharada, ya wuni a tsaye cikin dogon takalmin roba mai tara gumi: idan tsakuwa ko guntun ƙarfe ya faɗa ciki, yana iya taka shi tun safe har a tashi aiki bai sani ba. Da hunturu kuwa, ga kaushi ya tsattsage diddige, ga kaskon wuta ana miƙa masa ƙafa, ga ruwan zafi na alwala wanda ba a gwada shi da gwiwar hannu ba. Ƙaramin miki ya zama gyambo, gyambo ya ruɓe, daga nan sai maganar yanke ƙafa.

Asalin magani shi ne daidaita sukari, ta kiyaye abinci da motsa jiki da shan metformin ko allurar insulin bisa ƙa'idar likita; jijiyar da ta riga ta mutu da wuya ta dawo, amma ana iya tsare sauran. Domin raɗaɗi akan ba da amitriptyline ko pregabalin, sai dai na biyun nan matasa sun mayar da shi abin maye, saboda haka kada a saye shi a kemis ba da takardar likita ba. Wanda ya daɗe yana shan metformin ya nemi a auna masa bitamin B12, don ƙarancinsa ma yana taɓa jijiya.

Tun da musulmi yana wanke ƙafafunsa a kowace alwala, wajibi ne ya duba tafinsu da tsakanin yatsu a lokacin, ya tsane su sarai, ya zazzage takalmi kafin ya sa, ya kuma guji rezar masu yankan farce na bakin titi. Ko da bai ga miki ba, sau ɗaya a shekara ya je Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano a gwada jin ƙafarsa da ɗan siririn zaren roba da ake dangwala wa tafin.