Maganin Amai Daga Sinadarin Tabar Wiwi: Na Wa Ne?

Wataƙila kin taɓa jin an ce tabar wiwi tana tsayar da amai. To, akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma sai an yi mata bayani.

A cikin wiwi akwai sinadarin da ake kira THC, shi ne mai sa maye, shi ne kuma yake taɓa sashen ƙwaƙwalwa da ke tayar da amai. A 1985 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da magunguna biyu, dronabinol da nabilone. A ɗakin bincike ake haɗa su, ba ganye ake dakawa ba. Kafso ne mai awo, likita ke rubuta shi ga mai ciwon daji da maganin kashe ƙwayoyin cutar ya jawo wa amai mai tsanani, shi ma sai sauran magunguna irin su ondansetron sun kasa. Kuma yana sa jiri, barci, ruɗewa da bugun zuciya.

Kin ga ke nan ba maganin laulayi ba ne. Idan wata ta ce ki jiƙa ganyen ki sha, ko ki zuba a shayi, kada ki yarda. THC yana ratsa mabiyiya ya kai ga ɗan da ke ciki, yana kuma shiga ruwan nono. Ana danganta shi da haihuwar jariri marar nauyi.

Wani abin mamaki, masu yawan shan wiwi su kansu tana jawo musu amai mai dawowa, wanda sai sun yi wanka da ruwan zafi suke samun sauƙi. Likitocin Ostireliya ne suka bayyana wannan a 2004. Maganinsa kawai a daina sha.

A Najeriya doka ta hana wiwi, addininmu kuma ya haramta duk abin da ke gusar da hankali. Hukuncin larura ga marar lafiya, a tambayi malamai tare da likita.

Idan laulayi ya matsa miki, ki riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan, ki gwada citta, ki kurɓi ruwa a kai a kai. In ko ruwa ba ya zama, garzaya asibiti, kar ki jira ranar awo.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sauki masu ciki lafiya, amin.