Yadda Ake Renon Ƙwayar Kiristal, da Yadda Ake Gane Ƙirarta

Mai karatu, in ka zuba gishiri a tafin hannu ka duba da kyau, za ka ga ƙwayoyinsa suna da fuska shida daidai wa daida, kamar ɗan akwati. Abin da ya fito da siffa irin wannan shi masana ke kira kiristal. Dalilin siffar kuwa shi ne, zarrar da ke cikinsa a jere suke sahu sahu, tsari ɗaya yana ta maimaituwa. Sukari da alif da daimon duk haka suke.

Gishirin kasuwa tarin ƙananan ƙwayoyi ne barkatai. Shi kuwa mai bincike ƙwaya ɗaya tak yake bukata, wadda sahunta bai karye ko'ina ba, kuma samunta shi ne mawuyacin aikin. Ko ɗan makaranta yana iya gwadawa da alif, watau alam ɗin da ake sa wa ruwa ya kwanta. A narka shi a ruwan ɗumi har ruwan ya ƙi karɓar ƙari, a tace da tsumma mai tsabta, a bari ya kwana. Da safe za a tarar da 'yan ƙwayoyi a gindin kwalba. Sai a zaɓi wadda ta fi kyau, ita ce iri, a ɗaure ta da zare a rataya cikin ruwan, kada ta taɓa gefe. A rufe bakin kwalbar da takarda, musamman lokacin hunturu, domin kowace ƙura ta faɗa ciki sai ta zama wani iri, ta raba abincin. A ajiye inda zafi ba ya hawa yana sauka, gama in ruwan ya yi ɗumi irin zai narke. Cikin 'yan makonni sai ga ƙwaya mai fuska takwas, garau kamar gilashi. Wanda ya yi gaggawa ya sanyaya ruwan da sauri, gari kawai zai samu.

Masana'antu da wuta suke nasu renon. Bisa dabarar da Jan Czochralski, mutumin Folan, ya gano a 1916, akan narka silikon a zafin da ya wuce digiri 1,400, a tsoma iri, a riƙa jansa sama a hankali ana juyawa, har ya zama sanda guda. Ita ake yankawa fale-fale don yin ƙwaƙwalwar waya da ta kwamfuta.

To, yaya ake ganin zarra, alhali madubin likita ba ya nuna ta? A 1912, a birnin Munik na Jamus, Max von Laue da abokan aikinsa suka haska kiristal da hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Sahun zarra ya tarwatsa hasken, ya bar ɗigo-ɗigo a kan faifan hoto. A 1913 William Bragg da ɗansa Lawrence, a Ingila, suka nuna cewa daga wurin da kowane ɗigo ya faɗa da kuma ƙarfinsa ana iya lissafa mazaunin zarra. Gishiri na cikin abin da suka fara warwarewa: sodiyam da kulorin ne a jere bi da bi, kuma in aka jera su tsawon milimita ɗaya za su haura miliyan 3 da rabi. Uba da ɗa suka sami lambar Nobel a 1915, ɗan yana da shekara 25.

Amfanin wannan ya iso har asibitocinmu. Dorothy Hodgkin ta gano ƙirar fenisilin a 1945, ta insulin kuma, maganin masu ciwon sukari, a 1969, bayan ta yi fiye da shekara 30 tana fama da ita. Max Perutz ya shafe shekara 22 kafin ya fitar da ƙirar himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin ba ƙasar da ta kai Nijeriya yawan yaran da ake haifa da amosanin jini. Da irin wannan bincike aka ga yadda himogulobin na mai cutar ke mannewa da juna ya zama zare mai tauri idan iska ta yi ƙaranci, har ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje ta toshe ƙananan jijiyoyi.