Kallon Talabijin Ba Kuɗin Wata: Shawarwari Ga Gidajen Kasuwar Shanu

A unguwannin da ke kewaye da Kasuwar Shanu a Maiduguri, kuɗi ba ya shigowa gida da lissafin wata. Dillali ko mai fataucin dabbobi zai yi ciniki mai kauri gab da Babbar Sallah, sannan ya yi makonni yana lallaɓawa. Dikodar biyan kuɗi kuwa ba ruwanta da wannan. Ranar da wata ya cika allo zai rufe, ko an kalla ko ba a kalla ba, ko an kawo wuta ko ba a kawo ba. Mutanen garin nan ba su manta 2021 ba, shekarar da aka karya turakun layin wutar da ke zuwa daga Damaturu, gari ya daɗe cikin duhu. Shi ya sa nake goyon bayan duk maigidan da ya yanke shawarar komawa tashoshin kyauta. Sai dai wanda ya koma ba da sani ba yakan sayi kaya sau biyu, kuma wanda ya koma ba tare da hanyar naɗar shiri ba yakan gaji ya sake komawa biyan kuɗi.

1. Ku fara zama ku lissafa abin da gidan ke kallo. A tambayi uwargida, a tambayi yara, a tambayi tsohuwa. Galibi za a tarar labarai ne, da wasan Hausa irin Daɗin Kowa da Kwana Casa'in na Arewa24, da tafsiri, da sallar Harami, da katun na yara. Yawancin waɗannan ana samunsu kyauta. Arewa24 kanta ta fara a 2014 ne a matsayin tashar kyauta ta tauraron ɗan adam. Abin da ba kasafai ake samu ba shi ne gasar Firimiya ta Ingila da ta Zakarun Turai, domin kamfanonin biyan kuɗi ne suka sayi izinin nuna su. Idan ƙwallo ce kaɗai ke riƙe ka, gidan kallo na unguwa ya fi sauƙi a kan biyan wata guda saboda wasa huɗu ko biyar.

2. Ka bambance eriya da dish kafin ka shiga kasuwa. Eriya tana kama siginar da ke fitowa daga hasumiyar tasha a cikin gari, kamar NTA Maiduguri da BRTV, inda ake jin labarin Borno da Kanuri da Hausa. Dish kuma daga sama yake kamawa. Kowanne da irin dikodarsa: wadda aka rubuta DVB-T2 a jikinta ta eriya ce, wadda aka rubuta DVB-S2 ta dish ce, kuma ɗaya ba ta yin aikin ɗaya. Akwai mai haɗe da duka biyun, ramuka biyu a bayanta, wadda masu shago ke kira kwambo.

A nan ne ake yawan asara. Najeriya ta daɗe tana ƙaura daga tsohon tsarin analog zuwa dijital. Wa'adin duniya ya cika a watan Yunin 2015 ba a gama ba. An ƙaddamar da sabon tsarin mai suna FreeTV a Jos a 2016, sai Abuja a ƙarshen wannan shekarar, Kaduna da Ilorin a 2017, Legas da Kano a 2021. Wato gari-gari aka riƙa tafiya. Akwatin da ɗan'uwanka ke yabo a Kano hasumiyar Kano yake kamawa, kuma hasumiyar ba za ta biyo shi Maiduguri ba. Ka kuma sani cewa akwatin FreeTV ya fito ne da ɗan kuɗin shekara da ake biya, kuma dikodar eriya ta GOtv ko StarTimes ta biyan kuɗi ce ko da eriya take amfani. Duk wanda ya tashi a Kasuwar Shanu ya san ba a sayen sa sai an buɗe bakinsa an ga haƙora. Haka za ka yi a Monday Market ko duk inda ka je: a jona dikodar, a ɗaura mata eriya, ta yi bincike a gabanka, ka ƙirga tashoshin da suka fito da idonka, ka tambayi wanne ne zai rufe bayan wata.

3. Talabijin ɗan Beljiyam yana da kyau, amma ka juya bayansa ka karanta. Wanda aka yi wa kasuwar Amurka tsarin kamunsa daban ne da namu, ba zai kama tashar eriya a nan ba, kuma da yawansu wutar 110 suke sha alhali tamu 220 zuwa 240 ce. Tsofaffin na Turai kuma wasu DVB-T kawai suke da shi, babu lamba 2 a ƙarshe. Idan allon yana da kyau kuma yana da ramin HDMI, kada ka fasa saye saboda wannan, ƙaramar dikoda za ta cike gurbin. Ka dai rage kuɗinta daga farashin.

4. Eriya ta cikin ɗaki ba ta jituwa da rufin kwano. Ka fitar da ita waje, a kan dogon ƙarfe, sama da rufi, bakinta na fuskantar inda hasumiyar tashar take. Ka dubi inda eriyoyin maƙwabta suka juya. Waya mai kauri da aka rubuta RG6 za ka saya, guda ɗaya miƙe ba gami, domin kowane gami yana cin sigina. Kuma ka nisanci wayoyin lantarki da ke ratsa lungu lokacin ɗaga ƙarfen. Rai ya fi kowace tasha.

5. Dish yana son sarari ta gefen kudu. Maiduguri tana kusan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, kuma taurarin talabijin duk a saman tsakiyar suke jere, saboda haka idan ka fuskanci gabas, ta hannun damanka suke. Garin yana kan digiri 13 gabas, don haka Eutelsat da ke digiri 16 gabas kusan a saman kanmu yake, Arabsat na digiri 26 gabas ya ɗan karkata kudu maso gabas, Nilesat na digiri 7 yamma kuma kudu maso yamma. Tashoshin Saudiyya da ke nuna Haramin Makka da na Madina dare da rana suna kan waɗannan biyun na ƙarshe. Girman dish ɗin da kowanne ke buƙata ba ɗaya ba ne, don haka ka faɗa wa mai ɗaurawa tashoshin da kake so tun kafin a sayi faranti.

Babban abokin gabar dish a garin nan shi ne bishiyar dogon yaro da muke ƙauna saboda inuwarta. Reshen da bai kai ba a rani zai yi ganye ya tare hanya a damina. A zaɓi wurin da ba reshe a gaba, a sare ko a canza bango. Lokacin saiti, ka tsaya kusa da allo. Layi biyu ne ke fitowa, na ƙarfin sigina da na ingancinta. Na biyun shi ne abin dubawa. Idan da ƙyar ya tashi a ranar da sama take garau, hadari na farko zai ɗauke hoton. Kada ka sallami mai aiki sai ya ɗaga shi iya yadda zai tafi, ya ɗaure kusoshi tam, ya naɗe mahaɗar waya da salatif don ruwa.

6. Kada ka sayi dikodar da ba ta naɗar shiri. Wannan ce shawarar da na fi damuwa da ita a cikin duka. Mai sana'ar dabbobi yana fita da sassafe, ya dawo a gajiye bayan magariba, wani lokaci ana lodin tirela har dare. Uwargida tana kan tukunya lokacin da ake nuna abin da take so. Yara suna Islamiyya. Wuta kuma tana zuwa a lokacin da ta ga dama. Tasha ba za ta jira kowa ba, amma abin da aka naɗa yana jira.

Ramin USB kaɗai ba shaida ba ne. Wasu dikododin suna karanta fim daga filash amma ba sa rubutawa a kai. Ka nemi haruffan PVR a kwali, ka ga jan maɓallin naɗa a rimot, sannan ka zo da filash ɗinka a gwada a shago: a naɗi minti biyu, a tsayar, a kunna ka gani da sauti. A gwada taima ma, wato a sa mata lokaci ta fara da kanta. Akwai kuma damar tsayar da shiri yana gudana, a je salla a dawo a ci gaba daga inda aka tsaya. Gidan da ya saba da wannan ba ya ƙara jinkirta isha'i saboda wasan kwaikwayo.

Abu biyu za su iya ba ka mamaki. Na farko, dikoda mai kunne ɗaya, wato mai kama mita ɗaya a lokaci guda, ba za ta naɗi wata tasha kana kallon wata ba, sai idan tashoshin biyu a mita ɗaya suke tafiya. Gidan da ke da mata biyu ko yara da yawa ya yi la'akari da wannan tun wuri. Na biyu, talabijin na zamani masu naɗa da kansu tashar dijital kawai suke naɗa, ba sa ɗaukar ta analog, kuma wasunsu suna kulle abin da suka naɗa ta yadda ba zai buɗu a wata na'ura ba. Ƙaramar dikoda ta fi sakin jiki: ka zare filash ka kai kwamfuta ko ɗakin tsohuwa.

7. Awa ɗaya ta tasha mai hoto na yau da kullum tana cin kimanin giga 1 zuwa 2, mai hoton HD ta ninka haka. Wanda ke son ajiye tafsirin azumi na awa ɗaya kullum har kwana 30 yana buƙatar giga 30 zuwa 60, wato filash mai giga 64 da ƙyar zai isa. Filash na jabu sun cika kasuwa: a rubuta 128 a jiki, ciki bai kai 8 ba, yana ta karɓa ba ya musu, ranar kallo ka tarar fayil ba ya buɗuwa. Idan farashin ya yi araha fiye da kima, bar shi. Sabon filash kuma a bar dikodar ta goge shi da kanta kafin fara aiki. Idan tsarinsa FAT32 ne, fayil ɗaya ba ya wuce giga 4, shi ya sa dogon shiri ke rabuwa gida-gida ko ya yanke. Mai son tara shirye-shirye da yawa ya nemi had disk, amma ya gwada tukuna, domin ramin USB na ƙananan dikododi sau da yawa ba ya ba shi isasshiyar wuta, sai a ji yana ƙyas-ƙyas bai tashi ba.

8. Ka saita agogon dikoda a kan GMT+1. Saudiyya tana gabanmu da awa biyu, don haka shirin da aka ce ƙarfe 9 a agogon Makka ƙarfe 7 ne a Maiduguri. Ka ƙara minti biyar a farko da goma a ƙarshe, tashoshinmu ba su cika fara shiri a kan daƙiƙa ba.

9. Naɗa ba ya buƙatar talabijin a kunne, dikoda kawai. Ƙaramar dikoda kusan wat 10 take ci, talabijin LED mai inci 32 kuma kusan wat 40, tsohon filasma ya haura 100. Don haka ko solar gidan ƙarama ce, za ta riƙe dikoda sa'o'i tana naɗa, a kalla da dare lokacin da aka tara wuta ko aka tada janareta. Yawancinsu wutar 12 suke sha ta adafta, amma kada ka jona kai tsaye da batirin sola da kanka, domin batirin da ke caji yana haura 14. Mai gyara ya sa maka abin daidaitawa a tsakani. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar naɗa tana lalata fayil, wani lokaci har filash ɗin gaba ɗaya, haka ma zare shi ba tare da an tsayar ba. Tun da tashar wuta mai aiki da gas mai megawat 50 ta fara aiki a garin a 2023 ake haɗa wuta daga wurare daban-daban, ga janareta, ga inbata. Kowane sauyi yana iya zuwa da tsalle, saboda haka stabilaiza ko soket mai kariya ba almubazzaranci ba ne.

10. Zafin Afrilu a Maiduguri yana wuce digiri 40. Kada a lulluɓe dikoda da kyalle tana aiki, kada a ɗora ta kan talabijin ko a cusa ta cikin durowa. A lulluɓe bayan an kashe, saboda ƙurar hunturu. Idan hadari ya taso da tsawa, a zare wayar eriya ko ta dish daga bayanta, kashe soket kaɗai bai isa ba. Ambaliyar Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shiga Gwange da Gamboru da sauran unguwanni, ta koya wa kowa cewa abin da ke ƙasa shi ke fara tafiya. A kafa wa dikoda da had disk kanta a bango, soket ma a ɗaga shi.

11. Za a yi maka tallar dikodar da aka ce tana buɗe tashoshin kuɗi kyauta. Kada ka saya. Tana dogara ne da wata na'ura a wata ƙasa da data a gidanka, kuma ranar da aka rufe can, babu wanda za ka kai wa ƙara. Ban da haka haƙƙin wasu ne. Haka ma naɗar fim ɗin Kannywood a kai wa masu tura fina-finai a waya su sayar. Naɗa don iyalinka su kalla daga baya daban ne, ciniki da gumin marubuci da ɗan wasa da mai ɗaukar hoto daban, kuma dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta hana.

12. Binciken dish yakan kwaso ɗaruruwan tashoshi, wasu ba su dace da gidan mutunci ba. Ranar da aka ɗaura, maigida ya zauna da rimot ya goge na gogewa, ya kulle na kullewa, ya canza lambar sirri daga sifili huɗu da yawancinsu ke zuwa da ita, domin yara sun san ta. Ya jera tashoshi goma ko sha biyar da gidan ke kallo a farko, don tsohuwa ta iya canzawa da kanta. Tashoshin kyauta suna sauya mita lokaci zuwa lokaci. Idan ɗaya ta ɓace sauran suna nan, kada a taɓa dish, sabon bincike kawai ake buƙata, kuma bayan kowane bincike sai an sake bin jerin an goge abin da ya shigo.