Amsar Tambaya: Al'adar Mace Bayan Tiyatar Rage Ƙiba

Tambaya daga Babura: Me ke sa al'adar mace ta canza bayan tiyatar rage ƙiba?

Amsa: Kitsen jiki yana samar da sinadarin mata na istirojin. Idan ƙiba ta yi yawa, sinadarin insulin yakan hauhawa, shi kuma ya sa mahaifar ƙwai ta fitar da sinadarin maza fiye da kima. Daga nan al'ada ke rikicewa, gashi ya tsiro a haɓa, haihuwa ta yi wuya.

Bayan tiyata, yayin da nauyi ke sauka, waɗannan sinadarai sukan daidaita. Al'ada takan dawo kan lokacinta, kuma ciki na iya shiga ba zato. Saboda haka likitoci ke ba da shawarar jinkirta ɗaukar ciki na wata 12 zuwa 18. Idan an karkatar da hanji a tiyatar, jiki ba ya tsotse ƙwayar tazarar haihuwa sosai, shi ya sa aka fi son ashanar hannu ko robar mahaifa.

Zubar gashi kuma takan bayyana tsakanin wata 3 zuwa 6 bayan tiyata, sannan ta lafa. Ana buƙatar awon jini akai-akai don duba ƙarancin sinadarin ƙarfe da bitamin B12.