Me Ya Sa Yara 250 Kan Koma Tamkar 125 a Lissafin Masu Bincike?

Masu binciken lafiya kan gwada magani ta hanyar jefa ƙuri'a a raba mutane gida biyu, a bai wa wasu, a bar wasu, sannan a kwatanta. To amma akwai matakan da ba sa rabuwa mutum-mutum. Feshin maganin sauro, alal misali, ƙauye guda ake yi wa. A nan sai ƙuri'ar ta faɗa kan ƙauyuka.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da shahararren binciken zazzaɓin cizon sauro a Garki, gabas da Ɗanbatta, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano. Ƙauye-ƙauye aka yi feshin, kuma aka tarar tasirinsa ya bambanta daga wannan ƙauye zuwa wancan.

Dalili kuwa shi ne mutanen ƙauye ɗaya suna kama da juna. Yaran ƙauyen da ke daura da madatsar ruwan Tomas a yankin Ɗanbatta sauro ɗaya ke cizon su, sabanin yaran ƙauyen da ke kan jigawa. Don haka yaro na hamsin da aka gwada a ƙauye guda bai kawo sabon labari cikakke ba. Adadin da ke auna wannan shi ne ma'aunin kamanceceniya, wanda Ronald Fisher ya yi bayaninsa a littafinsa na 1925. Idan sifili ne, ƙauye ba ya da tasiri. Idan 1 ne, duk yaran ƙauye amsarsu ɗaya ce.

Yadda ake ƙiyasta shi

A ɗauki sakamako mai fuska biyu: ko akwai ƙwayar cutar a jinin yaro, ko babu. Ga misali na ƙirƙira domin aji. An gwada yara 50 a kowane ɗaya daga ƙauyuka biyar, aka sami masu ƙwayar cutar 20, 20, 25, 30 da 30. Kasonsu ke nan 0.4, 0.4, 0.5, 0.6 da 0.6, matsakaicinsu 0.5.

Mataki na farko, a auna warwatsuwar da aka gani. A ɗebe 0.5 daga kowane kaso, a ninka abin da ya rage da kansa, a tara. Za a sami 0.04. A raba da 4, wato yawan ƙauyuka ban da ɗaya, a sami 0.01.

Mataki na biyu, a nemo warwatsuwar da katari kaɗai zai haifar ko da ƙauyukan duk ɗaya suke: 0.5 sau 0.5, a raba da 50, wato 0.005.

Mataki na uku, a raba na farko da na biyu, a sami 2. Wannan shi ne ninkin tsari, wanda Leslie Kish ya yaɗa a 1965. Ƙa'idarsa ita ce: 1 + (yawan yaran ƙauye − 1) × ma'aunin kamanceceniya. Ke nan ma'aunin shi ne 1 a raba da 49, kusan 0.02.

Adadin ƙarami ne, amma ya cinye rabin aikin, domin yara 250 ɗin nan darajarsu ta yara 125 ce da aka tsinto ɗaiɗai. Mai binciken da ya yi biris da wannan zai iya shelanta cewa feshi ya yi aiki alhali sa'ar ƙuri'a ce, hukuma ta zuba kuɗi a banza.

Darasi ga mai tsara bincike

Idan kuɗi sun isa a gwada yara 1,000, ƙauyuka 20 masu yara 50 za su ba da darajar kusan 505, amma ƙauyuka 40 masu yara 25 za su ba da kusan 676. Yawan ƙauyuka ya fi yawan yara a ƙauye amfani.

Sai dai a kula da abu biyu. Ƙiyasin da aka samo daga ƙauyuka biyar kacal ba shi da ƙwari. Haka kuma ma'aunin yakan sauya da yaɗuwar cutar, don haka wanda aka samo da damina ba lalle ne ya dace da rani ba.

Aikin aji: ɗalibai su sake lissafin da 15, 20, 25, 30 da 35, su ga yara nawa 250 ɗin za su koma.