Ƙurji a fatar idon dabba: a duba, a taɓa, kafin a sa magani

A zagayen da na yi cikin karkarar Attantane bayan kaka, an nuno mini wani rago balami da aka turke saboda Layya. Ɗan ƙurji ne ya fito masa a bakin fatar ido, mai shi ya huda da ƙaya, ya zuba garin batir. Ƙurjin da zai baje da kansa cikin mako guda ya bar hakiya, idon ya mutu. Kowa ya san dabba mai ido ɗaya ba ta yin layya, kuma ko a kasuwar Mayahi ko ta Tasawa dillali sai ya karya kuɗinta. Shi ya sa darasinmu na yau ya tsaya kan rarrabe kumburin fatar ido.

Iri na farko: hazbiya

Kamar yadda take fito wa mutum, haka take fito wa dabba. Ƙwayoyin cuta ne ke shiga gindin gashin ido. Tana tasowa da sauri a bakin fatar, ja ce, da zafi, dabba tana kau da kai in an taɓa. Bayan ƴan kwanaki takan yi kai ta fashe da mugunya.

Iri na biyu: ƙullutu marar zafi

A cikin fatar ido akwai ƙananan kafofi masu fitar da maiƙo da ke hana hawaye bushewa. In ɗaya ta toshe, maiƙon ya daskare ya zama ƙullutu mai tauri kamar ƙwayar dawa. A hankali yake girma, ba ya ciwo, yana iya kai makonni.

Maganin waɗannan biyun

A tafasa ruwa lita 1, a sa ƙaramin cokali 1 na gishiri, a bari ya huce har hannu ya iya jurewa. A tsoma tsabtataccen ƙyalle a ɗora bisa idon a rufe, minti 5 zuwa 10, sau 3 a wuni. A share kwantsa, domin ita ke jawo ƙudaje. In akwai mugunya, a nemi man ido na tetarasikilin wajen ma'aikacin lafiyar dabbobi. A buɗe fatar a duba ciki, saboda sau da yawa ƙayar karangiya ko ƙaiƙayin gero ne ya maƙale. Kada a matse, kada a huda, kada a sa taba, barkono ko garin batir. Maganin ɗiga ido na mutane da ake tallarsa a kasuwa ma a bar shi: wasu na ɗauke da sinadarin da ke ƙara zurfafa gyambon ƙwayar ido.

Inda ruwan ɗumi ba ya isa

Na ɗaya, ƙuraje da yawa a fatar ido, hanci, hantsa da ƙarƙashin wutsiya, tare da zazzaɓi fiye da digiri 40 da ƙin cin abinci. Wannan alamar agana ce ta tumaki da awaki, ko cutar ƙullutun fata ta shanu. Suna yaɗuwa, kuma ƴan raguna da ƴan awaki su suka fi mutuwa. A ware dabbar, kada a kai ta rijiya ko kasuwa, a sanar da ma'aikatar kiwo ta komin a ranar. Duka biyun suna da rigakafi.

Na biyu, hawaye ba tsayawa, dabba na gudun hasken rana, baƙin ido ya fara fari, kuma ya kama fiye da dabba ɗaya a garke. Ciwon yana cikin ƙwayar idon kanta, ƙudaje ke ɗaukarsa daga wannan zuwa waccan.

Na uku, tsiro mai kaushi da ke girma yana zub da jini a idon tsohuwar saniya, musamman mai farar fatar ido. Yana iya zama ciwon daji, aikin likita ne.

Ko hazbiya ce, in ta wuce kwana 7 ba ta sauka ba, ku kira mu. A taron ƙungiya na gaba, kowa ya zo da ƙyalle mai tsabta, za mu gwada yadda ake riƙe kan rago a buɗe fatar idonsa ba tare da an ji masa ciwo ba. Allah ya albarkaci dukiya.